Abin da Ya Kai Ungozomar Mandawari Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A wajen aiki, a gidan suna, har a cikin adaidaita, sai wata ta taɓo ni ta ce, "Sista Hadiza, wai me kuka je yi ne?" Wasu sun ɗauka kwas aka tura ni, wata ma ta rantse an gaya mata gudun Kano na yi. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Ga wanda bai san ni ba, ni ungozoma ce. Na haura shekara ashirin ina karɓar haihuwa a wani asibiti na cikin birni, gidanmu kuma yana Mandawari. Tafiyar ta faɗo a shekarar da aka hana acaɓa, lokacin da ba ka wuce titi biyu a Kano ba ka tarar da buhunan yashi da bakin bindiga, kuma ko taya ce ta fashe sai kasuwa ta watse.

Akwai cutar da likitoci ke kira hafis. Ita ce ƙurajen nan masu ruwa da ke feso wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi, tana kuma fitowa a al'aura, inda matanmu ke haɗa ta da komai su ce sanyi ne. Ga babba zafi ce da kunya, ta tafi ta dawo. Ga jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa tana iya zama ajali. To sai aka kafa kwamiti na ƙasashen yankinmu don a rubuta ƙa'ida ɗaya ta yadda za a riƙa maganinta. Dakta Garba, dattijon likitan yara da muka daɗe muna aiki tare, shi ya ba da sunana, domin an ce ana son wadda hannunta ke cikin ɗakin haihuwa kullum.

Da na gaya wa maigidana, Malam Nasiru, sai ya ajiye cokali ya ce, "A wannan yanayin? Kuma a mota?"

Na ce, "Jirgin da za mu bi ya daina sauka Kano, Malam."

Can ya ce, "Duk garin da kuka isa ki kira ni. In ba ki kira ba zan biyo sahu."

Abu ɗaya na fi lallaɓawa a cikin jakata, wani littafi mai baƙin bango. Shekara da shekaru ina rubuta duk mai cikin da na gani da irin ƙurajen nan. Ba na sa suna, sai unguwa da kwanan wata da lamba. Inda jariri bai rayu ba sai in ja layi da jan biro. A shafin ƙarshe na zana taswirar cikin birni da hannuna, na nuna inda kowane shingen bincike yake da titunan da aka toshe, don in nuna wa kwamiti irin daɗewar da mai naƙuda take yi kafin ta iso ɗakin tiyata. Wallahi ban kawo komai a raina ba lokacin da nake zanawa.

Da hantsi na biya Kabuga na ɗauki Dakta, muka shiga motar Katsina. Kafin mu bar gari an sauke mu sau uku. A na ukun muna tafiya a layi hannu a sama, sai wayar Dakta ta kama ƙara a aljihu. Kowa ya daskare. Wani soja ya juyo da bindiga ya daka tsawa, Dakta ya tsaya ƙiƙam hannu a sama, waya tana ta kiɗa har ta gaji ta yanke. Da muka koma mota wata tsohuwa ta ce masa, "Alhaji, ka kashe abin nan tun bai kashe mu ba." Ba wanda ya yi dariya sai da muka wuce Bichi.

Mun ƙetare iyaka bayan azahar ba tare da wata matsala ba, aka buga mana hatimi, na kira Malam. Har na fara gyangyaɗi muka iso wani shingen jandarmomi. A lokacin duk wanda ya fito daga Kano kallon tsoro ake yi masa, ga kuma yaƙi ana yi a Mali. Aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wanda ya zo kaina ya ɗaga atamfofina, ya shinshina yajin da na ƙullo, sai hannunsa ya kai kan littafin. Ya buɗe farko, ya buɗe tsakiya, ya kai shafin ƙarshe. Na ga fuskarsa ta canza. Sai ya ɗaga hannu ya yi wa direba alamar ya tafi. Dakta ya sauke jakarsa ya tsaya tare da ni. Ina kallo motarmu ta ɓace.

Aka kai mu wani ɗaki wajen babbansu, dogo, mai furfura a gemu. Ya shimfiɗa taswirar a kan tebur.

"Hajiya, mi ne ne wanga?"

"Taswirar hanyar asibiti ce, ranka ya daɗe."

"Hanyar asibiti, da wurin tsayuwar soja duka? Waɗanga da kinka ja ma jan layi fa, Ɗan Agundi, Mandawari, su wane ne?"

"Jarirai ne da suka rasu."

"Jarirai ba su da uwaye? Faɗi sunansu in rubuta, mu tambaya."

Dakta ya miƙa takardar gayyata, ya yi ta haɗa ɗan Faransancinsa. Mutumin ya karanta ya ture ta gefe, ya ce takarda kowa na iya bugawa. Dakta ya sunkuyo ya ce da ni a hankali, "Sista, ki faɗi ko biyu ne mu tafi."

Na san sunayen kamar na 'ya'yana. Amma Kano da Maraɗi gida ɗaya ne, rabin 'yan kasuwar unguwarmu can suke saro kaya. Matan nan sun buɗe mini jikinsu ne a kan ba mai ji, wasu ko mazansu ba su sani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka tsare ni in ka ga dama. Sunan dai ba zan faɗa ba, amana ce."

Babban ya rufe littafin. Sannan ya ce a kira majo daga likita. A can suna ce wa asibiti likita, shi likitan kuma su ce masa lokotoro, majo shi ne babban ma'aikacin jinya. Muka zauna a benci har la'asar ta yi sanyi, ba mai yi mana magana, wayoyinmu suna cikin aljihun tebur. Ina ta tunanin Malam yana jiran kira daga Maraɗi.

Majon ya zo a kan babur, ɗan gajere mai tabarau. Ya duba littafin shafi-shafi, sannan ya ɗago ya ce, "Mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, mi kike fara yi?" Na gaya masa. Ya ce, "Jinjiri ya fito bai yi kuka ba fa?" Na gaya masa, har da yadda nake riƙe kan. Ya sa yatsa a kan wani jan layi ya ce, "Wanga kwana nawa ya yi?" Na ce tara, ƙuraje suka fito masa a ka, ya daina kama nono. Majo ya cire tabarau ya ce shi ma ya ga irinsa bara, bai san sunan abin ba. Ya juya ya yi wa babban magana da Faransanci. Babban ya ɗauki reza ya yanke shafin taswirar, ya ninke ya sa a aljihu, ya miƙo mini sauran.

"Hajiya, kar ki sake zana irin wanga. Wani ba ya kiran majo."

A Maraɗi muka kwana, a wani masauki kusa da tasha, ɗaki da fanka mai kuka. Malam har ya fita neman motar Katsina lokacin da kirana ya shiga. Abincin da na samu burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri har ya kankare mini dasashi, da dambun zogale da ya sha ƙuli, wanda gaskiya ya fi namu. Washegari muka shiga babbar bas. Abin da ya ba ni mamaki, an ce ƙarfe kaza za ta tashi, kuma ta tashi ko da ba ta cika ba. Muka bi ta Ƙonni da Doso, muka shiga Yamai da yamma, taro ya riga ya ci kwana ɗaya.

Kafin a bar ni in zauna sai da aka ba ni takarda in rubuta ko wani kamfanin magani ya taɓa ba ni wani abu. Na yi ta tunani, na rubuta kalanda da biro da lema. Matar da ta karɓa ta yi murmushi ta ce an gode. Na ɗauka al'ada ce kawai, sai da aka zo maganar wani sabon magani na ga an ce da wani babban farfesa ya fita waje, saboda kamfanin ya taɓa ɗaukar nauyin bincikensa. Ya tashi ya fita yana gyara hula, ko a jikinsa. Na ce a raina, a gida wa zai iya kallon oga ya ce ya ba mu wuri?

Mun kai mu ashirin a kewayen tebur, kowa da abin sauraro a kunne, tafinta yana juya magana. Shugabar wata farfesa ce 'yar Senegal, ba ta ɗaga murya amma ba a katse ta. Aikin kuwa ba kamar yadda na zata ba ne, wai manya su faɗi abin da suka sani a rubuta. Kowace tambaya sai an rubuta ta a allo: wane irin majiyyaci, wane magani, idan aka gwada shi da me, kuma me ake so a gani. Sannan Dakta Kwame, ɗan Gana, ya tashi. Shi ba ya ba da ra'ayi. Aikinsa ya tattaro duk binciken da aka taɓa yi a kan tambayar, ya tace, ya ce wannan hujja mai ƙarfi ce, wannan tsaka-tsaki, wannan mai rauni. Bayan nan a auna amfani da illa, a duba ko talaka zai samu, ko ma'aikaci zai iya, ko majiyyaci zai yarda. In an kasa daidaitawa a ɗaga hannu.

Lokacin shayi na kai masa littafina da alfahari. Ya duba da ladabi, ya tambaye ni ko an tabbatar da cutar a ɗakin gwaji. Na ce ba mu da gwajin. Ya ce ko akwai waɗanda aka ba magani da waɗanda ba a ba ba, don a kwatanta. Na ce a'a. Ya ce, "Sista, wannan ba zai gaya mana ko magani yana aiki ba." Na ji kamar ya watsa mini ruwa. Littafin da na kusa kwana a tsare saboda shi. Ya ƙara da cewa, "Amma zai gaya mana abin da babu a takarduna. Ki ajiye shi kusa."

Da na karanta abin da aka zartar ranar da ba ma nan, sai na ga da gyara. Maganar masu ciki aka gama. An rubuta cewa mai ƙuraje a lokacin naƙuda a yi mata tiyata. Ƙwayar asiklobir, wadda ake sha a watan ƙarshe don kada ƙurajen su fito ranar haihuwa, sai wadda gwaji ya tabbatar. Kuma a kira mijinta a sanar da shi.

Na ɗaga hannu na ce ina roƙon a sake buɗe maganar. Shugaba ta ce abin da aka rufe ba a buɗe shi sai mafi yawa sun yarda. Sai wata mata da ke gefena ta ce ta goyi baya. Madam Ramatu ce, 'yar Yamai, tana jin Hausa. Ba likita ba ce, tela ce. An gayyato ta ne saboda tana ɗauke da cutar, kuma ta faɗi haka da bakinta a gaban maza, abin da ban taɓa gani ba. Aka ƙirga hannaye, muka haye da ƙyar.

Na tashi na je allo, na sake zana taswirar da ka. Na ce ga gidan mace a nan, ga asibiti, tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwan shayi ba a da. Yanzu babu acaɓa, ga shinge, ga shinge, nan an toshe. In harbi ya tashi da rana kowa ya kulle ƙofa. Kafin ta iso kan ɗa ya riga ya sauko, tiyatar me za a yi? Abin da zai taimake ta shi ne ƙwayar da za ta sha tun tana zuwa awo. In kun ce sai da gwaji, to kun rubuta wa wasu ne, ba mu ba.

Wani likitan mata daga Kwatano, Farfesa Dosu, ya karɓe. Ya ce binciken da ake da shi ya nuna ƙwayar tana rage fitowar ƙuraje, amma ba a tabbatar tana hana jariri ɗauka ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Ido yana ruɗuwa. Gyambon tunjere yana kama da wannan. In ungozoma ta ba da ƙwayar hafis alhali tunjere ne, ta kashe ɗan da take son ceta. Sista, ba ki taɓa kuskure ba?"

Tafinta ya gama juyawa, kowa ya zuba mini ido. Na so in ce a'a. Na ce, "Na taɓa. Sau ɗaya da na sani."

Ya gyaɗa kai. Daga nan maganar ta sauya, aka daina ja da ni aka koma neman mafita. Aka kwashe rabin yini a kan jimla ɗaya. A ƙarshe aka rubuta cewa inda babu gwajin hafis, ma'aikacin da aka horar zai iya fara ba da ƙwayar, bayan an yi gwajin jini na tunjere, wanda ko mu muna da shi. Aka sa mata alamar shawara mai sharaɗi, wato hujjarta ba ta yi ƙarfi ba, za a sake dubawa in sabon bincike ya fito.

Maganar miji kuwa Madam Ramatu ce ta gama da ita. Ta ce ranar da wani lokotoro ya kira mijinta ba da saninta ba, a ranar ta koma gidan ubanta da ciki wata bakwai, alhali ba wanda ya san wa ya kawo wa wani. Ta ce, "Ku tambaye ta tukuna. Ita ta san gidanta." Ba a ma ɗaga hannu ba, aka gyara.

Na samu ƙarfin gwiwa, sai na kawo shawara ta biyu a rana ta ƙarshe. Na ce jaririn da aka zarga da cutar, a bar ungozoma ta yi masa allurar farko ta jijiya kafin a tura shi babban asibiti, tunda hanya ba tabbas. Aka yi ta muhawara, aka zo ɗaga hannu. Na faɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai, cikin waɗanda suka ƙi har da Dakta Garba, mutumin da ya zauna da ni a bencin jandarma.

A bas ɗin dawowa ban yi masa magana ba har Doso. Ya sayo kilishi ya ajiye a tsakaninmu, ban taɓa ba. Can ya ce, "Sista, allurar nan in aka tura ta da sauri, ko jariri ba shi da isasshen ruwa a jiki, ƙoda take taɓawa. Na gani da idona. A ɗakinku wa zai zauna awa guda yana lura da ɗigon ruwa, ke kaɗai da mata huɗu suna naƙuda?"

Na ce, "To ya mutu a hanya ke nan, Dakta?"

Ya ce, "Ban sani ba. Shi ya sa na kasa ɗaga hannu."

Har yau ban yarda da shi duka ba, amma na ci kilishin.

Mun shigo Kano ana kiran la'asar, aka sauke mu tun daga Dawanau saboda an rufe hanya, ba wanda ya san dalili. Na ƙarasa gida rabi a adaidaita rabi a ƙafa, jaka a ka. Malam yana zaune a dakali, ya ce tun azahar yake nan.

Bayan wata biyu daftarin ya iso, domin ƙa'ida ce sai an aika wa waɗanda ba su je taron ba su ma su yi gyara kafin a sa hannu. Na tara ungozomomin ɗakinmu na karanta musu da Hausa. Da na zo kan jimlar ƙwayar nan da aka kwashe rabin yini a kanta, sai da na maimaita ta. Na gama, ina jiran a ce madalla, sai Sista Binta, wadda ta fi kowa ƙarancin magana, ta ce, "To Sista, ina ƙwayar take?"

Babu ita a asibitinmu. Na ɗauki takardar na nufi ɗakin magani wajen Malam Ado, mai kula da shi. Ya ce ba ta cikin jerin abin da ake kawo mana, sai da takarda. Na ce ga takarda. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama, ya nuna mini kalma ɗaya da ɗan yatsa.

"Hajiya, nan an rubuta daftari. In an sa hannu ki dawo."

Na ce, "Zan dawo ran Litinin."

"Ai ba za a sa hannu kafin Litinin ba."

"Na sani, Malam Ado."

Litinin ɗin da ta wuce ita ce ta biyar. Yanzu in ya hango ni daga nesa sai ya jawo mini kujera, kuma a wannan karon na ga ya rubuta sunan maganin a ƙasan jerinsa, da fensir.